Motar zagayen tarihi a Misisipi: jagorar ta ci kuɗinta, jadawalin ne matsala

Duk wanda hanya ta kai shi Jackson, babban birnin jihar Misisipi, kuma yana da yini guda a hannu, zai tarar da masu ƙananan motoci da ke kwasar baƙi su zaga da su wuraren da aka zubar da jinin baƙar fata a shekarun 1950 da 1960. Na bi ɗaya daga cikinsu tare da yayana, wanda ya daɗe a Amurka amma bai taɓa leƙa kudu ba. Ba zan kama sunan kamfanin ba, domin ina da ƙorafi a kansu, kuma ba na son ƙorafin ya shafi dattijuwar da ta yi mana jagora, wadda kusan duk abin kirkin tafiyar daga bakinta ya fito. Kuɗin ya haura dala ɗari ga kowane mutum, har da abincin rana. Zan iya sake biya, amma sai an gyara jadawali.

Motar bas ce ƙarama, tsaf da ita, na'urar sanyi tana aiki, akwai ruwan gora a cikin ƙanƙara. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya san zafin yankin Delta da ke arewa maso yammacin jihar, zafi mai danshi da ke manna wa mutum riga a jiki tun da hantsi. Direba ba ya gudu, ba ya surutu. A wannan fannin ba ni da ta cewa.

Inda muka fara saɓawa da su shi ne takardar talla. A jikinta an rubuta cewa tafiya ce ta ganin yadda adalci ya yi jinkiri amma daga ƙarshe ya iso. Wato dai rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Magana ce mai daɗin ji, mai sa baƙo ya ciro katin banki. Sai dai wuraren da motar tasu take kai mutum ba su gaskata ta ba, ita ma jagorar ban ji ta furta ta ko sau ɗaya ba.

Zangon farko gidan Medgar Evers ne, a nan cikin Jackson. Ɗan madaidaicin gida ne a unguwar da ba ta da hayaniya, yanzu yana hannun hukumar tarayya mai kula da wuraren tarihi. Jagorar ta tsayar da mu a bakin titi, ta ce mu nemo ƙofar gaba. Babu. Tun wajen gini iyalin suka zaɓi a sa ƙofar a gefe, cikin rumfar mota, don mai gida ya fito daga mota ya faɗa ciki ba tare da ya tsaya a fili ba. Katifun yara a ƙasa suke, ƙasa da tagogi, saboda harsashi. Evers shi ne sakataren NAACP, ƙungiyar kare hakkin baƙar fata, a jihar, tsohon soja da ya yi yaƙin duniya na biyu a Turai. Ranar 12 ga Yuni 1963, tsakar dare ta ɗan gota, ya dawo daga taro, yana fitowa daga mota aka harbe shi a baya daga cikin ciyayi a tsallaken titi. Harsashin ya ratsa shi, ya fasa taga, ya huda bango, ya daki firji a ɗakin girki. Matarsa Myrlie da 'ya'yansu uku suna ciki. Shekararsa 37.

An tsinci bindigar a kusa da wurin, da tambarin yatsan wani mai tallar takin zamani daga garin Greenwood, Byron De La Beckwith, a jikin madubin saitinta. Sau biyu aka gurfanar da shi a 1964, sau biyu shari'ar ta watse. A nan ne jagorar ta yi bayanin da, a ganina, shi kaɗai ya biya rabin kuɗin tafiyar.

A Amurka ba alƙali ne ke cewa mutum ya yi kisa ko bai yi ba. Mutum 12 ake zaɓowa daga cikin jama'a su saurari shaidu, su kulle kansu a ɗaki, kuma dole bakinsu ya zo ɗaya. In suka wanke wanda ake tuhuma, shi ke nan, kundin tsarin mulki ya hana kotun jihar ta sake gurfanar da shi a kan wannan laifin, ko da gobe ya hau kan rufi ya yi shelar cewa shi ya yi. In kuwa suka kasa daidaitawa, shari'a ta rushe amma tuhumar ba ta mutu ba, ana iya dawowa kanta ko bayan shekara nawa, domin laifin kisa ba ya tsufa a doka. To su wa ake zaɓa cikin 12 ɗin? A wancan zamanin daga cikin masu rajistar zaɓe ake ɗebo su, baƙar fata kuwa an toshe musu rajista da harajin zaɓe da jarrabawar karatu da barazana. Mata ma ba su samu damar zama a wannan kujera a kotunan jihar ba sai a 1968. Saboda haka maza farar fata zalla ne suka zauna a kan Beckwith duka sau biyun. Ana tsakiyar shari'a Ross Barnett, wanda bai daɗe da sauka daga kujerar gwamna ba, ya shigo kotu ya miƙa masa hannu suka gaisa a idon kowa. Duk da haka an samu waɗanda suka ƙi yarda a wanke shi, kuma wannan ƙin da suka yi ne ya bar ƙofa a buɗe.

Beckwith ya koma gida, har ya tsaya takarar mataimakin gwamna a 1967. Sai a 1989 wani ɗan jarida a Jackson, Jerry Mitchell, ya tono cewa wata hukumar gwamnatin jihar, wadda aka kafa don kare wariyar launin fata da leƙen asirin masu fafutuka, ta taimaka wa lauyoyin Beckwith a ɓoye wajen tantance waɗanda za su zauna a shari'a ta biyu. Da aka tashi sake buɗe ƙarar, rubutaccen bayanin zaman kotu ya yi ɓatan dabo. A hannun Myrlie Evers aka samu kwafi, ta adana shi duk tsawon shekarun nan. Ranar 5 ga Fabrairu 1994 mutum 12, baƙar fata 8 da farar fata 4, suka same shi da laifi, aka yi masa ɗaurin rai da rai. Ya mutu a 2001. Ya yi shekara 30 ba a hukunta shi a kan kisan ba, ya yi kimanin 7 a tsare bayan hukunci.

Muna cikin ɗakin girkin, yayana yana son ya yi tambaya, direba ya leƙo yana nuna agogo. Wannan nuna agogon shi ya bi mu har yamma.

Daga Jackson aka ɗauki babbar hanya mai lamba 49 zuwa arewa. Da an wuce Yazoo City ƙasa ta baje, babu tudu ko ɗaya, sai gonakin auduga da waken suya da masara, da tafkunan kiwon tarwada. A wannan doguwar tafiya ce jagorar ta ba da labarin gundumar Neshoba. Ga ƙorafina na biyu: hoton cocin Mount Zion da ke Neshoba yana jikin takardar talla, amma Neshoba tana gabas, mu kuma arewa muka nufa, ba mu taka ta ba. Wanda ya ga hoto ya biya kuɗi yana da hakkin a gaya masa cewa a kunne kawai zai ji.

Labarin dai ta ba da shi yadda ya kamata. James Chaney, baƙar fata ɗan Meridian mai shekara 21, da Andrew Goodman da Michael Schwerner, farar fata daga New York, dukansu masu fafutukar hakkin baƙar fata, sun je duba cocin da 'yan Ku Klux Klan, ƙungiyar farar fata masu ta'addanci a kan baƙar fata, suka ƙona. Ranar 21 ga Yuni 1964 mataimakin shugaban 'yan sandan gunduma, Cecil Price, ya kama su, ya sake su cikin dare, ya bi bayansu ya damƙa su ga makasa. Bayan kwana 44 aka haƙo gawarwakinsu daga cikin wata madatsar ruwa ta ƙasa. Jihar ta ƙi tuhumar kowa da kisa. Gwamnatin tarayya ce ta kai ƙara a 1967 bisa laifin haɗa baki don tauye musu hakki, aka ɗaure mutum 7, babu wanda ya wuce shekara 6 a gidan yari. Wanda ya tsara aikin, Edgar Ray Killen, mai wa'azi ne, ya tsira saboda mutum 11 sun ce ya yi laifi, mace ɗaya ta ce ba za ta iya ɗaure mai wa'azi ba. Sai ranar 21 ga Yuni 2005, shekara 41 cif, aka same shi da laifi, shi ma ba na kisan ganganci ba, aka yanke masa shekara 60 yana ɗan shekara 80. Abin da ya fi tsaya mani a rai wata magana ce da ta ƙara a ƙarshe: ana cikin neman waɗannan ukun ne aka ci karo da gawarwakin wasu samari biyu baƙar fata, Henry Dee da Charles Moore, 'yan shekara 19, waɗanda suka ɓace tun watan Mayu ba tare da duniya ta tashi nemansu ba. Sai a 2007 aka ɗaure mutum ɗaya a kansu.

A Greenwood aka ci abinci. Soyayyar tarwada ce da gurasar masara, mai zafi, mai daɗi, ba ƙaranta. Mai kiyaye abin da yake ci ya yi tambaya kafin ya ɗebi ganye ko wake, domin a kudancin Amurka da naman alade ake yawan dafa su. Masu gidan abincin ba su ɓata rai ba da muka tambaya, suka nuna mana abin da za mu kauce wa. A garin akwai mutum-mutumin tagulla na Emmett Till, yaron da aka kashe a 1955, wanda aka kafa a 2022, ta tagar mota muka gan shi.

Daga nan aka kama hanyar ƙauyen Money. Kafin mu isa, motar ta tsaya a wata maƙabartar coci don a ɗauki hoto a kabarin wani shahararren mawaƙi. Ban raina mawaƙin ba, kuma na ga wasu cikin fasinjoji sun ji daɗi. Amma lokacin da aka ɓata a nan daga na Sumner, garin da aka yi shari'ar kisan Emmett Till, aka yanko shi, kuma ba don kiɗa muka biya ba.

Shagon Bryant a Money ya zama kango, rufi ya rufta, ciyayi sun haɗiye bango, sai allon bayani a gefen titi. Nan ne Emmett Till, yaro ɗan shekara 14 da ya zo hutu daga Shikago, ya shiga sayen alewa a watan Agusta 1955, aka ce ya yi wa matar mai shagon, Carolyn Bryant, fito. Daren 28 ga wata mijinta Roy Bryant da ɗan'uwansa J.W. Milam suka je gidan Mose Wright, ɗan'uwan kakannin yaron, suka tashe shi daga barci suka tafi da shi. Bayan kwana uku aka ciro gawarsa daga kogin Tallahatchie, an harbe shi a ka, an ɗaura masa fankar injin gurzar auduga mai nauyin kilo 30 da wani abu a wuya da waya mai ƙaya. Mahaifiyarsa Mamie ta ce a bar akwatin gawar a buɗe a cocin Shikago, duniya ta ga abin da aka yi wa ɗanta. Mujallar Jet ta buga hoton.

Hanyar Graball Landing, gaɓar kogin da ake dangantawa da ciro gawar, ta tsakuwa ce, ga ƙura ga sauro. Allon da ke wurin yanzu na ƙarfe ne mai kauri wanda harsashi ba ya huda shi, an kafa shi a 2019, saboda na farko an sace shi, waɗanda suka biyo baya kuma an yi ta ɗirka musu harsashi. Jagorar ba ta yi dogon sharhi ba. Ta faɗi shekarar, ta bar mu muka yi lissafi da kanmu.

Kotun Sumner ita ce zuciyar tafiyar. Gini ne na jan bulo a tsakiyar ɗan ƙaramin gari, a gabansa har yau akwai mutum-mutumin sojan kudu na yaƙin basasar Amurka. An gyara ɗakin shari'ar da ke bene a 2015, aka mai da shi kamanninsa na 1955, kuma har yanzu ana zaman kotu a ciki. Ma'aikaciyar cibiyar Emmett Till da ke tsallaken titi ce ta buɗe mana, ita da jagorarmu suka riƙa karɓa-karɓa wajen bayani. Aka nuna mana kujerun mutum 12 ɗin, da gefen da aka ware wa 'yan jarida baƙar fata a kan ɗan teburi, inda ɗan majalisar tarayya Charles Diggs na Michigan ma ya zauna. A gundumar nan baƙar fata sun fi farar fata yawa a lokacin, amma babu ko ɗaya mai rajistar zaɓe.

Ɗakin bai kai girman da na zata ba. Tsakanin kujerar mai ba da shaida da wurin zaman waɗanda ake tuhuma taku kaɗan ne. A wannan ɗan tsakanin ne Mose Wright, dattijo manomin ƙodago mai shekara 64, ya miƙe tsaye ya nuna Milam da yatsa, a jihar da baƙar fata zai iya rasa ransa don ya ƙi kauce wa farar fata a hanya. Wani saurayi ɗan shekara 18, Willie Reed, ya shaida cewa ya ji duka da kururuwa daga wata rumfar ajiye kayan gona kusa da garin Drew. Dukansu biyu sai da suka bar Misisipi suka koma Shikago bayan shari'ar. Lauyoyin da ke kare makasan suka ce gawar ma ba ta yaron ba ce, shugaban 'yan sandan gundumar ya goya musu baya, alhali uwa ta gane ɗanta, zoben mahaifinsa kuma yana yatsansa. Ɗaya daga cikin lauyoyin ya gaya wa mutum 12 ɗin cewa yana da yaƙinin kowannensu, a matsayinsa na farar fata, yana da ƙarfin zuciyar sakin waɗannan mutane. Ranar 23 ga Satumba 1955 suka shiga ɗaki, suka fito bayan minti 67 da hukuncin wankewa. Ɗayansu ya ce da ba su tsaya shan lemo ba, da ba su daɗe haka ba.

A watan Nuwamba wani kwamitin jama'a mai tantance tuhuma a Greenwood ya ƙi yarda a gurfanar da su ko da a kan satar yaron, duk da sun amsa cewa su suka ɗauke shi. A Janairu 1956 mujallar Look ta biya su kuɗi suka ba da labarin yadda suka kashe shi. Doka ba ta da abin yi musu, an riga an wanke su. Milam ya mutu a 1980, Bryant a 1994, babu wanda ya yi zaman kaso a kan kisan.

Sauran labarin a tsaye muka ji shi, direba yana bakin ƙofa. An sake buɗe bincike a 2004, aka tono gawar a 2005, gwajin ƙwayar halitta ya tabbatar Emmett ne. A 2007 kwamitin tantance tuhuma ya ƙi gurfanar da kowa. Ma'aikatar shari'a ta tarayya ta sake dubawa, ta rufe fayil a Disamba 2021. A Yuni 2022 dangin yaron da masu taya su bincike suka gano sammacin kama Carolyn Bryant na 1955, wanda ba a taɓa aiwatarwa ba, a cikin akwatin takardu a ɗakin ƙarƙashin kotun Greenwood, ginin da muka wuce da rana ba wanda ya nuna mana shi. A Agusta wani kwamitin ya sake ƙin gurfanarwa. Ta mutu a Afrilu 2023. Mamie kuwa tun 2003 ta rasu. Akwai dokar tarayya mai sunan yaron da ta haramta kisan taron dangi, wadda Joe Biden ya sa wa hannu a Maris 2022, kotun da gaɓar kogin da cocin Shikago kuma an ayyana su wuraren tarihi na ƙasa a Yuli 2023. Duk wannan karramawa ce, ban raina ta ba, amma ba hukunci ba ce.

Shi ya sa maganar takardar talla ta tsaya mani a wuya. Waɗanda hannu ya kai kansu daga baya a Misisipi ana iya ƙirga su da yatsu, irin su Beckwith, Killen, James Ford Seale na shari'ar Dee da Moore, da Sam Bowers, shugaban 'yan Klan da ya ba da umarnin jefa wa gidan Vernon Dahmer, wani ɗan fafutukar hakkin baƙar fata, wutar da ta yi ajalinsa a 1966, wanda sai a gurfanarwa ta biyar, a 1998, aka ɗaure shi. Dukansu tsofaffi ne lokacin da aka kama su da laifi, sun riga sun ci ƙuruciyarsu a waje. Kuma a kowace shari'a za ka tarar wata gwauruwa ce ko wani ɗan'uwa ko wani ɗan jarida ya ƙi haƙura, kotu ba ta farka da kanta ba. Wata ƙungiyar kare hakki mai suna Equal Justice Initiative ta tattara bayanan kisan taron dangi sama da 4,400 da aka yi wa baƙar fata tsakanin 1877 da 1950, sama da 600 a Misisipi kaɗai, kuma kusan dukkansu ba wanda ya amsa tambaya a gaban alƙali. Na tambayi jagorar abin da take gani game da jimlar kamfanin nata. Ta yi murmushi, ta ce ba ita ke rubuta takardun talla ba.

Ga mai niyyar zuwa: tafiyar yini ce cur, awa biyu da wani abu zuwa, haka dawowa, a fita da safe a dawo bayan magariba. A riƙe hula, maganin sauro da takalmi rufaffe. Ƙananan yara ba za su jure zaman mota ba, bayanin kuma ba a tausasa shi, amma matasa ya kamata a je da su. Gidan tarihin fafutukar hakkin baƙar fata da jihar ta buɗe a Jackson a Disamba 2017 ba ya cikin zagayen. A ware masa wata rana daban, a can aka ajiye bindigar da aka harbi Evers da ita, da ginshiƙai masu ɗauke da sunayen waɗanda aka kashe. A tanadi ɗan abin alheri na jagora a hannu, ana bayarwa a nan, kuma ta cancanta.

Kafin a biya, a tambaye su baki da baki: minti nawa za a yi a kotun Sumner, kuma sun tabbatar ba a zaman shari'a ranar? A tambaya ko za a tsaya a kotun Greenwood, a kuma tambaya wuraren da ke cikin hoto waɗanne ne ƙafa za ta taka. In suka ce ƙasa da awa guda za a yi a Sumner, gara mutum ya ɗauki hayar mota, ya tuntuɓi cibiyar da ke tsallaken kotun tun kafin ranar, ya je da kansa ya zauna iya son ransa.